Bogenbiliya ko haibiskus: wacce ta dace da katangarki?

Hajiya, kin ce katangar ƙofar gidanki rana na dukanta tun safe har bayan azahar, ruwa yana yi miki wuya da rani, akwai ƙananan yara a gidan, kuma kin rasa wacce za ki dasa tsakanin bogenbiliya da haibiskus. A ganina bogenbiliya ce ta wannan katangar. Amma bari in ajiye miki su kusa da juna, don abin da ɗaya take so shi ne yake cutar da ɗayar.

Mu fara da ruwa, tunda nan matsalarki take. Bogenbiliya asalinta Kudancin Amurka ne, wajen Brazil, kuma da zarar ta kama ƙasa ba ta damu da fari ba. Hasali ma ƙishirwa ce take sa ta fure. In kika bar ƙasar ta bushe har ganyen ya ɗan yi laushi kafin ki ba ta ruwa, sai ki ga kan rassan ya cika da launi. In kuwa kullum kina yi mata ban ruwa, za ta yi kore shar, ta miƙa rassa ta ko'ina, fure kuma sai dai ki gani a gidan maƙwabta. Haibiskus ba ta san wannan wasan ba. Dangin auduga da rama ce, tana son ƙasa mai danshi kullum, ba tare da ruwa ya kwanta ba. A lokacin zafi, in tana cikin tukunya, kusan kowace rana sai an shayar da ita. Ki yi sake ta bushe sau ɗaya, washegari za ki tarar da ƙullin furen da bai buɗe ba ya zube a gindinta, ganyen ƙasa kuma ya fara rawaya.

Furen nasu ma ba iri ɗaya ba ne. Jan nan ko ruwan hodar da kike gani a jikin bogenbiliya ganye ne mai launi, siriri, mai ƙaras-ƙaras in an taɓa. Ki leƙa tsakiyarsa, za ki ga ainihin furen, 'yan ƙanana farare, galibi uku a haɗe. Shi ya sa launinta yake makonni bai gushe ba. Na haibiskus kuwa fure ne na gaske, babba, da doguwar sanda mai garin rawaya a tsakiya, amma yawanci kwana ɗaya yake yi ya naɗe ya faɗi. Kyanta shi ne gobe wani zai buɗe, muddin ta ƙoshi. Ba banza ba Malesiya ta ɗauke ta furen ƙasa a 1960: ƙasa ce mai ruwan sama da laima duk shekara, irin yanayin da take jin daɗi ke nan.

Da damina haibiskus take cin kasuwarta. Farkon ruwa shi ne lokacin dasa su duka biyun, kuma lokacin da za ki rage wa haibiskus kamar kashi ɗaya cikin uku na tsawon rassanta, don a sabon reshe take fure. Bogenbiliya a wannan lokacin sai yawan ganye da dogayen rassa, fure kaɗan. Kada ki ɗauka ciwo ne, kuma kada ki ce za ki taimaka mata da taki. Abin da za ki lura da shi kawai kada ruwa ya kwanta a gindinta, don saiwarta na saurin ruɓewa. In ƙasar wurin laka ce, ki gauraya ta da yashi ki ɗan tayar da wurin. Idan damina ta doshi ƙarshe sai ki datse rassan da suka wuce gona da iri. Tohon da zai fito bayan nan shi zai ɗauki furen rani.

Da iskar hunturu ta kaɗa sai lamarin ya juya. Rana ta gajarta, ƙasa ta bushe, bogenbiliya ta rufe katanga da launi har ganyen ya ɓace. Haibiskus kuma ta shiga wahala. Ba ta son sanyin da ya yi ƙasa da digiri 10, kuma busasshiyar iska mai ƙura tana jawo mata wasu mitsi-mitsin ƙwari da suke maƙalewa a bayan ganye, su sa shi ɗige-ɗigen rawaya da siririyar yana. Ki riƙa wanke ganyen da ruwa da safe, musamman ta ƙasansa. Akwai kuma fararen ƙwari masu laushi da suke taruwa a hammatar reshe da jikin ƙullin fure. In kika ga tururuwa na hawa da sauka a jikinta, ki duba, suna nan. Ruwan sabulu mara ƙarfi, a fesa da yamma a maimaita bayan mako, yana rage su sosai. Bogenbiliya ba kasafai take fama da wannan ba.

Bazara ce za ta raba gardama a katangarki. Bango yana shan zafi ya mayar wa shuka. Bogenbiliya tana buƙatar rana kai tsaye aƙalla awa biyar zuwa shida, kuma zafin bango bai dame ta ba. Haibiskus tana son ranar safe, amma ta tsakar rana a bazara tana sa ta zubar da ƙulli ko da kin shayar da ita.

Wajen taki, haibiskus mai ci ce: takin dabbobi da ya ruɓe sosai, ko na zamani mai yawan fotasiyam, kaɗan-kaɗan a kai a kai. Mai yawan fosfaras ba ya yi mata. Bogenbiliya kaɗan ya ishe ta, yuriya kuwa ganye kawai zai tara miki.

Sai maganar yara, wadda ita ce kaɗai ta sa na ɗan yi jim. Bogenbiliya tana da ƙaya mai kaifi, a ɓoye a gindin ganye, kuma sukarta na sa ƙaiƙayi. Haibiskus ba ta da ƙaya ko ɗaya. Maganin abin shi ne yi wa bogenbiliya tarbiyya tun tana ƙarama: ki ɗaura mata waya ko katako a jikin bango, tunda ba ta manne wa bango da kanta, ki bar kara ɗaya ko biyu su hau, ki cire duk reshen da ya fito ƙasa da tsayin yaro. Rassan da kika yanke kada su kwana a tsakar gida. Ki kuma shirya wa shara, don busasshen launin nan iska na watsa shi ko'ina.

Ranar dasawa ki bi bogenbiliya a hankali. Saiwarta siririya ce mai saurin tsinkewa, don haka ki yaga ledar da ta zo a ciki, ki sa ta da ƙasarta ba tare da kin kakkaɓe ba. Watannin farko ki ba ta ruwa sosai har ta kafu, horon ƙishirwa sai daga baya.

In har ranki bai bar haibiskus ba, ki saya guda ɗaya ki sa a babbar tukunya mai huji a ƙasa, kusa da famfo, inda inuwa take sauka bayan hantsi. Kada dai ki jera su a rami ɗaya ko layin ban ruwa ɗaya, don dole ɗaya ta ƙi fure ko ɗayar ta bushe.