Hattara da masu tallan sarƙa da sifiroket mai araha a Facebook da WhatsApp

'Yan'uwa masu babur, musamman 'yan acaba da masu gyara da kansu a gida, akwai wata damfara da ke yawo, kuma ku aka nufa da ita. Mutum zai ɗora hoton kwalin sarƙa da sifiroket guda biyu, wato fayafayan ƙarfe masu haƙora da sarƙa ke hawa, na gaba da na baya, ya ce orijina ne na Boxer ko Jincheng ko Haojue, wai kwantena ce ta sauka yana neman kuɗin gaggawa. Farashin sai ya yi ƙasa da na kasuwa nesa ba kusa ba. Sharaɗinsa ɗaya: ka tura kuɗi, ya ba direba saƙo a tasha.

Wasu daga tura kuɗin shi ke nan, lamba ta daina shiga. Wannan tsohon yayi ne, kowa ya san shi. Wanda ya fi damuna shi ne mai turo kayan, domin shi bai tsaya ga aljihunka ba, har da ranka yake wasa. Tsohuwar sarƙa ake samowa wajen 'yan gwangwan, a wanke ta da fetur, a labta mata giris, a fesa wa sifiroket fenti, a zuba a sabon kwali a manne. Ko kuma a turo sabo amma na ɗanyen ƙarfe, wanda kafin a jima haƙoransa sun cinye. Sun san mai ɗaurawa a tsakar gida babu bakanike kusa da shi da zai juya kayan ya ce "maigida, wannan ai an ci moriyarsa." Shi ya sa a tallan suke nanata cewa ba sai ka je gareji ba, sifana da filaya sun ishe ka. Gaskiya ne aikin ba shi da wuya, amma ba don tausayinka suke faɗa ba.

Ga abin da za ka duba kafin kuɗinka ya bar hannunka. Yawancin ƙananan baburanmu sarƙa mai lamba 428 suke amfani da ita, kuma lambar tana buge a jikin ƙarfen sarƙar, ba a kwali kaɗai ba. Ana cusa 420 a kwalin 428. Tazarar gaɓoɓinsu ɗaya ce, amma 420 ta fi siranta, ba za ta zauna daidai a kan haƙoran ba. Sai awo: kowace gaɓa milimita 12.7 ce, don haka gaɓa 20 a miƙe santimita 25.4 za ta ba ka. In ka ja ta ka ga ta haura haka a fili, ta sha aiki, komai ƙyallinta. Ka kuma riƙe ta ta gefe. Sabuwa kaɗan take lanƙwasawa, tsohuwa kuwa sai ta sunkuya ƙasa.

Sifiroket kuma haƙoransa za ka zuba wa ido. Na sabo kansu a daidaice yake, ɓangarorin biyu iri ɗaya. Na tsoho sun yi tsini sun karkata gefe guda kamar lauje, fenti ba ya ɓoye wannan. Ƙaramin na gaba, goga masa magagari: in ƙarfen ya sha wuta yadda ya kamata magagarin zamewa zai yi, in ya kama yana ci, ka ajiye masa kayansa.

Kada wani ya ce ai ko jabu ne zai ɗan kai ka wani lokaci. Sarƙa in ta tsinke ko ta zame kana gudu, tana iya naɗewa ta ƙulle tayar baya, ko ta fasa murfin inji. Da fasinja a baya, a kan kwalta, ka san sauran.

In ka sami na ƙwarai, ka canza ukun tare, don tsohon sifiroket yana kashe sabuwar sarƙa. Fara sassauta notin na gaba tun sarƙar tana ɗaure, kana take birkin baya. Ɗan makullin da ke haɗa sarƙar, rufaffen kansa ne zai fuskanci inda sarƙar take tafiya, kada ka juya shi. Ka bar mata sassauci kamar santimita 2 zuwa 3 a tsakiya, ka daidaita alamomin ɓangarorin biyu na tayar kafin ka ɗaure.

Ka saya a shagon da in kaya ya ba da matsala za ka koma ka tarar da mai shi. In dole sai daga nesa, ka sa wani naka ya je ya gani da idonsa kafin a biya. Wanda kuma ya riga ya tura, kada ya goge hirar. Ya ɗauki hotonta da rasidin turawar, ya garzaya bankinsa a ranar, sannan ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC, ya kuma sanar da shugabannin ƙungiyar 'yan acaba ta unguwarsu.