Man Labanda a Kasuwar Sakkwato: Wanne Ya Dace da Fatarka?

Duk wanda ya zagaya shagunan turare da man shafawa a Babbar Kasuwar Sakkwato zai ga kwalabe da sabulai masu hoton fure ruwan hoda mai shuɗi-shuɗi, kowanne an rubuta masa labanda, alhali abin da ke cikinsu ya sha bamban. Kaya iri uku ne ke amsa wannan suna: tsantsar man da aka tatso daga furen, da man ƙamshi da aka haɗa a masana'anta, sai kuma sabulu ko man shafawa da aka zuba wa labanda kaɗan.

Tsantsar man ana fitar da shi ne ta hanyar turara furen da tururi, kuma mafi yawansa yana fitowa daga Bulgeriya da yankin Provence na kudancin Faransa. Na asali shi ne wanda aka rubuta wa Lavandula angustifolia a jikin kwalba. Akwai ɗan'uwansa mai suna lavandin, wanda ya fi araha saboda gonarsa ta fi ba da mai, sai dai yana da kafur mai yawa, don haka ƙamshinsa ya fi kaifi. Idan babbar kwalba ta zo da kuɗi ƙalilan kuma babu sunan tsiron a jikinta, to galibi man ƙamshi ne, wanda wurinsa shi ne humra da turaren ɗaki, ba fuska ba.

Amfanin da aka fi tabbatarwa shi ne na ƙamshin, wanda ke kwantar da hankali ya taimaka wa wasu su samu barci. A ɗakin gwaji an ga man yana kashe wasu ƙwayoyin cuta, amma hujjar cewa yana warkar da ƙuraje ko goge tabo a fatar mutum ba ta kai ƙarfin tallan da ake yi masa ba.

Babban abin lura ga mazaunin Sakkwato shi ne zafi. Sinadarai biyu ne suka fi yawa a cikin man, linalool da linalyl acetate, kuma idan iska ta daɗe tana shigarsu sukan rikiɗe su zama abin da ke jawo ƙaiƙayi da borin fata. Rana da zafi suna gaggauta wannan lalacewa, ga shi kuwa a watannin Maris da Afrilu zafin garin nan kan haura digiri 40. Kwalbar da ta yi watanni a kan teburin mai talla ba ita ce ta baro masana'anta ba, ko da ƙamshinta bai gushe ba. Wannan hatsari ne ya sa Tarayyar Turai ta wajabta rubuta linalool a jikin man shafawa da zarar ya wuce kashi 0.001 cikin ɗari. A ganina, wanda ya nace wa tsantsar man ya sayi ƙaramar kwalba mai duhu, ya toshe bakinta da kyau, ya ajiye ta a wuri mai sanyi, kuma kada ya shafa shi zalla: ɗigo ɗaya ya wadatar a cokalin shayi guda na man kaɗanya ko man zaitun.

Batun yara yana buƙatar taka-tsantsan. A shekarar 2007 wasu likitoci a Amurka sun ba da rahoton yara maza uku da ƙirjinsu ya fara tasowa yayin da ake shafa musu kayan da ke ɗauke da labanda, kuma abin ya lafa bayan an daina. Masana ba su gama yarda cewa man ne sanadi ba, amma uwa ba ta da dalilin yin gwaji da ɗanta. Shan man kuwa guba ne ga yaro, don haka a nisanta kwalbar daga hannunsa.

Ga yawancin masu saye, sabulu mai lambar NAFDAC shi ne zaɓi mafi sauƙin hatsari, tunda ana wanke shi nan take. Man shafawa yana kwana a jiki, saboda haka a fara ɗiga shi a cikin dantse a jira kwana biyu. Wanda fatarsa ta tsage da kaushin hunturu, ko mai fama da borin fata, gara ya tsaya ga man kaɗanya marar ƙamshi har fatar ta warke.