Sharhi kan taron zangon mata masu tirelar kwana a Fredericksburg

Na rubuta wannan sharhi ne domin 'yan uwana mata mazauna Houston da Dallas, waɗanda suke ta tambayata ko taron zangon da na halarta a watan Afrilu ya cancanci kuɗin da aka biya. Taron na wata ƙaramar ƙungiyar mata ne masu tirelar kwana, wato ɗan ɗakin nan mai taya da ake ɗaurawa a bayan mota, mai gado da wurin girki a ciki. An yi shi a wani filin zango na haya kusa da Fredericksburg, garin da Jamusawa suka kafa a 1846 a yankin tuddai na jihar Texas. Irin wannan haɗuwa ta daɗe a Amurka, kuma mafi shahara a cikin ƙungiyoyinta ita ce Sisters on the Fly, wadda wasu mata biyu, ya da ƙanwa, suka fara a 1999. Wadda na bi ba ta kai ta girma ba, amma dokarta kusan ɗaya ce: ba a zuwa da miji, ba a zuwa da yara, kuma kowace mace ita za ta ja tirelarta da kanta.

Ni ba ni da tirela, don haka na yi hayar wata tsohuwa mai taya biyu a hannun wani mutum da ya yi ta rantsuwa cewa an duba komai nata kafin ya ba ni makulli. Daga Houston na kama hanya mai lamba 290 ta Austin, tafiyar kimanin awa huɗu da rabi ga mai jan kaya, kuma ban lura da komai ba sai wata 'yar ƙara da nake ji daga baya idan na rage gudu.

Abin da ya faru bayan isata shi ne ya sa ba zan iya kushe taron nan gaba ɗaya ba, duk da ƙorafe-ƙorafen da zan kawo a gaba. Ko injin mota ban kashe ba sai wata dattijuwa mai furfura, wadda na ji daga baya cewa ta yi ritaya ne daga tuƙin motar ɗaukar 'yan makaranta, ta zo ta yi mini sannu da zuwa, sannan ta zagaya ta kai bayan hannunta kusa da cibiyar tayar dama, ta janye da sauri. Ta je ta taɓa ta hagu, ta dawo ta ce mini, "'Yar uwa, ki gode wa Allah da ya kawo ki lafiya, domin boris ɗin wannan taya ya bushe, kuma tirelar nan ba za ta koma Houston a haka ba." Na kai hannuna kusa, na ji zafi yana tashi daga ƙarfen, alhali ɗaya ɓangaren ɗumi kawai yake da shi.

Kafin in gama tunanin inda zan samo makanike a yammacin Juma'a, mata sun kewaye tirelar, wannan da jak, waccan da akwatin sifana, wata kuma da gwangwanin giris da tsumma. Suka sa katako suka tokare ɗaya tayar, suka ɗaga tirelar, dattijuwar ta kama tayar sama da ƙasa ta girgiza, muka ga tana rawa, ta juya ta kuma muka ji tana gurnani. A nan ta zaunar da ni a kan tabarmar roba ta yi mini karatun da ban taɓa ji ba. Kowace taya tana da boris biyu, wato zobban ƙarfen da suke sa ta juyawa sumul, na ciki da na waje, da wata roba a baya mai hana giris zubewa da hana ruwa shiga, da noti ɗaya da ake soke shi da ɗan ƙarfe don kada ya kwance. Idan giris ya ƙare, ƙarfe yana gugar ƙarfe har ya yi zafi ya cije, kuma daga nan taya tana iya fita a tsakiyar titi ko ma wuta ta kama. Ƙa'idar da masu tirela suke bi ita ce a sabunta giris sau ɗaya a shekara, ko bayan tafiyar mil 12,000, duk wanda ya riga zuwa. Da aka zaro boris na waje, sai ga shi ya ƙone ya yi shuɗi, abin da ya rage na giris a jikinsa kuwa ya zama baƙin gari. Allah ya taimaka sandar da tayar take juyawa a kanta ba ta ci ba, da sai an kira motar janwe.

Wata daga cikinsu ta kwafi lambar da aka buga a jikin boris ɗin, ta shiga motarta ta tafi shagon kayan gyara a cikin gari kafin a rufe, ta dawo da sababbi da zobban da suke zama a kai da robar. Dattijuwar ta ƙi yarda in tsaya kallo. Ta sa na ɗebi giris a tafin hannu, ina danna gefen boris ɗin a kai har sai da giris ya ɓullo ta sama a duk zagayen, sannan ta nuna mini yadda ake ɗaure notin ana juya tayar, a sassauta shi, a sake ɗaurewa da yatsu kawai, domin wanda aka matse da ƙarfi shi ma ƙonewa yake yi. Mun gama da hasken tocila bayan magariba. Na yi juyin duniya su karɓi ladan aiki suka ƙi, kuɗin kayan kawai aka karɓa, shi ma sai da aka nuna mini rasit. Daga ranar na koma kiran dattijuwar Goggo, ita kuma tana amsawa da dariya.

Da a nan labarin ya tsaya, da na ce kowa ta tattara kuɗi ta tafi. Sai dai masu shirya taron daban suke da matan da suka halarta, kuma ban ji daɗin yadda suka tafiyar da wasu abubuwa ba. A takardar rajista akwai wurin da aka tambayi abin da mutum ba ya ci, na rubuta ƙarara cewa ba na cin naman alade kuma ba na shan giya. Da daren Asabar aka yi babban ciyayya, inda aka dafa abinci a tukwanen ƙarfe masu nauyi da ake zuba garwashi a kan murfinsu, sai na tarar wake da alade, dankali da alade, har koren waken da nake sa rai da shi an yanka masa alade, kuma babu ko 'yar takarda a gaban kwanukan da za ta faɗa wa mutum abin da ke ciki. Na ƙare da masara da burodi da wani abin zaƙi na 'ya'yan itace. Da na yi wa shugabar magana, cewa ta yi sun manta, ta kuma wuce abinta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne batun yawon ɗanɗana giya. Gefen hanyar 290 tsakanin Johnson City da Fredericksburg cike yake da gonakin inabi, kuma an haɗa kuɗin motar kai mutane can a cikin kuɗin rajista, ko ki je ko kada ki je. Na nemi a cire mini wannan kaso tun kafin in biya, aka ce tsarin ba ya ba da dama. Ba ni kaɗai na zauna ba, akwai wasu Kiristoci da ba sa sha, akwai kuma wata da ta ce ta daina shekaru da yawa, dukanmu mun biya kuɗin abin da ba mu amfana da shi ba. Ga kuma banɗakin filin da yake da nisa daga inda aka ajiye ni, wanda ya sa alwalar asuba ta zama aiki a cikin sanyin safiya, ko da yake wannan laifin masu filin ne.

Mu da muka zauna ne muka haɗa kanmu muka tafi Enchanted Rock, wani faffaɗan dutse mai ruwan hoda da ke kimanin mil 17 arewa da gari, wanda ya tashi ƙafa 425 daga ƙasan da ke kewaye da shi, kuma duk wadda ta san Kufena a Zariya za ta gane irinsa. A ƙarshen mako sai an kama gurbi ta intanet kafin a shiga, kuma wata daga cikinmu ta riga ta yi haka. Mun hau a hankali, muna tsayawa muna jiran mai ciwon gwiwa, kuma a hanyar dawowa furannin nan shuɗɗa na bazarar Texas sun rufe gefen titi. Wannan tafiya da ba ta cikin jadawali ita ce ta fi duk abin da aka tsara mana daɗi. Da yamma kuma aka buɗe tireloli kowa tana shiga ta kowa, na ga Airstream mai ƙyallin alminiyom, da tsofaffin Shasta masu ƙananan fikafikai a baya, waɗanda masu su suka yi musu fenti da labule da hannunsu.

Zan sake zuwa saboda Goggo da ƙawayenta, amma sai an raba kuɗin yawon giya da na rajista, kuma da tukunyata da naman halal ɗina zan tafi. Wadda za ta yi hayar tirela ta nemi a nuna mata takardar ranar da aka sa wa boris giris, ta kuma tsaya bayan tafiyar rabin awa ta taɓa cibiyar kowace taya. Mai tirelar da na yi haya kuwa na aika masa hoton boris ɗin da ya ƙone tare da rasit, ya ce zai mayar mini da kuɗin kayan, kuma har yanzu ban ga ko sisi ba.