Kafin ka biya kuɗin tabarau, karanta takardar gwajinka

Wanda aka gwada wa ido aka ce yana buƙatar gilashi, hanyoyi uku ne a gabansa. Ko ya saya a hannun masu talla a kasuwa, ko a yanka masa a shagon da ke da na'ura da ma'aikacin da ya koyi aikin, ko ya tura hoton takardarsa ta WhatsApp ga mai sayarwa a Legas ko Abuja a aiko masa. Kowace hanya akwai wanda ta dace da shi, kuma abin da zai nuna maka taka yana cikin 'yar takardar nan mai lambobi da yawancinmu muke ninkewa mu cusa a aljihu. Wasu ma ba sa karɓarta. Karɓe ta, ɗan'uwa, kai ka biya kuɗin gwajin.

Ɗauki misalin takarda mai layi biyu. Na sama an rubuta OD, wato idon dama, sai SPH -2.50, CYL -0.75, AXIS 180. Na ƙasa OS, idon hagu, SPH -2.00, sauran gurabun babu komai. Wasu asibitoci RE da LE suke sawa. Wanda aka gwada a Maraɗi ko Damagaram zai ga OD da OG, don da Faransanci ake rubutawa can, kuma sau da yawa lambar CYL tana cikin baka.

SPH shi ne ƙarfin gilashin, yana hawa da rubu'i-rubu'i: 0.25, 0.50, 0.75, 1.00. Alamar ragi a gabansa tana nufin na nesa ne ke yi maka dishi-dishi, kamar rubutun allo ko lambar mota. Alamar tarawa kuma tana nufin idon yana wahala wajen tattara gani, musamman na kusa. Wannan 'yar alamar ita ake yawan ɓatawa wajen kwafa, kuma -2.00 da +2.00 kishiyoyin juna ne. CYL na wanda baƙin idonsa bai zagaye daidai ba ne, sai fitilar mota da dare ta riƙa yi masa jela. AXIS ba ƙarfi ba ne, kusurwa ce daga 1 zuwa 180 da ke nuna yadda za a kwantar da gyaran. CYL ba ya tafiya ba AXIS. In ka ga ɗaya babu ɗayan, koma a cika maka kafin ka je ko'ina.

Sai ADD. Daga shekara 40 zuwa sama, ƙwayar ido tana rage laushi, mutum ya fara miƙa hannu nesa kafin ya karanta saƙo a waya, tela ya kasa zura zare a allura, malami ya fara neman Alƙur'ani mai manyan baƙi. Ba ciwo ba ne, shekaru ne. ADD shi ne ƙarin da ake ɗorawa don ganin kusa, yawanci tsakanin +0.75 da +3.00, kuma galibi iri ɗaya ne a ido biyu.

Lambar da na fi so ka riƙe ita ce PD, tazarar da ke tsakanin tsakiyar idonka na dama da na hagu, da milimita. A manya yawanci tana faɗawa tsakanin 54 da 74. Kowane gilashi yana da cibiya, kuma dole cibiyar ta zauna daidai saitin idonka. In ta goce, gilashin yana karkatar da haske, idanu su yini suna kokawar haɗa hoto ɗaya, da yamma sai ciwon kai da jiri. Lahanin yana ƙaruwa da ƙarfin gilashin: gocewar milimita 4 a -1.00 mutum zai iya jurewa, amma a -5.00 karkatar ta ninka sau biyar. Da yawa daga masu cewa gilashi bai karɓe su ba, a nan matsalarsu take. Takardu da yawa kuma ba su zuwa da PD, don aikin mai yanka gilashi ne ya auna. Ka roƙa a auna a rubuta maka. In ka ga 64/61, ta farko ta nesa ce, ta biyun ta karatu.

To, wace hanya? Na kasuwa, wanda aka riga aka haɗa da +1.00, +1.50, +2.00 liƙe a gefe, ban raina shi ba. Dattijon da nesa ba ta dame shi ba, idanunsa ƙarfinsu ɗaya, babu CYL, zai biya masa buƙatar karatu da kuɗi kaɗan. Iyakarsa ke nan. Ƙarfi ɗaya ne a ɓangare biyu, PD ɗinsa na kowa da kowa ne. Mai takarda irin misalinmu na sama ba nasa ba ne sam. Abin da ya fi damuna da shi kuwa, yana hana mutane zuwa gwaji. Hawan jinin ido, wato gilokoma, yana cin gani daga gefe a ɓoye, ba zafi, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Mai talla ba zai gano shi ba. Wanda ya haura arba'in, ko mai ciwon suga, ya je a duba cikin idon a wuri irin Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, ko asibitin ido na ECWA a Kano, ko sashen ido na asibitin da ke kusa da shi. Mai suga ya kula kada a gwada shi lokacin da suga ya hau, don lambar tana canzawa.

Oda ta intanet tana yi wa mai gilashin gani ɗaya, wato na nesa kaɗai ko na kusa kaɗai, mai ƙarfi kaɗan, wanda ke da PD a rubuce. Tura hoton takardar kanta, kada ka kwafa da hannu. Duba cikin hannun tsohon firam ɗin da ya zauna maka daidai, za ka ga lambobi kamar 52-18-140: faɗin gilashi, faɗin gadar hanci, tsawon hannu. Nemi mai kusa da su. Kuma takardar gilashin da ake mannawa a kan ƙwayar ido daban take, ba a yanka tabarau da ita.

Amma in akwai ADD kuma kana son gilashi ɗaya ya yi maka nesa da kusa, ko ƙarfinka ya kai 4.00, ko CYL ɗinka ya haura 2.00, ko na yaro ne, je shago da ƙafarka. Cikin gilasan da ke haɗa nesa da kusa, mai layi a tsakiya, baifokal, ya fi araha da saurin sabo. Wanda ba layi, furogiresif, ya fi kyan gani kuma yana ba da tazarar kwamfuta, sai dai gefensa yana murɗe hoto, kuma sai an sa maka firam a fuska an ɗiga alama saitin idonka kafin a yanka. Wannan awon ba ya yiwuwa ta waya. A kwanakin farko ka sunkuyar da kai in za ka sauka bene ko tsallake kwata, don ƙasan gilashin na karatu ne. A Najeriya hukumar ODORBN ce ke yi wa masu gwajin ido da masu yanka gilashi rajista, ba laifi ka tambayi shaidarta.

A shago za a jero maka ƙari iri-iri. Lambobin 1.50, 1.56, 1.60, 1.67 na sirantar gilashi ne, mai -1.50 ba ya buƙatar 1.67, mai -6.00 kuwa zai ji bambanci a hancinsa, musamman in ya zaɓi ƙaramin firam. Yaro da ɗan acaɓa a ba su folikabonet, mai wuyar fashewa. Shafin hana ƙyalli ya cancanci kuɗinsa ga mai tuƙin dare. Gilashi mai yin baƙi in an shiga rana yana da amfani a ƙasarmu, amma ka sani ba ya yin duhu sosai a cikin mota, don gilashin gaba yana tare hasken da ke juya shi, kuma tsananin zafi yana rage duhunsa. Mai tare shuɗin hasken waya kuwa, bitar da Cochrane, ƙungiyar da ke tace binciken lafiya, ta fitar a 2023 ba ta ga alamar yana rage gajiyar ido ba. Ni da wannan kuɗin gara in ƙara a firam mai ƙwari.

Ranar karɓa, ka ce a ɗora gilashin a na'urar da ke karanta ƙarfinsa a gabanka, a gwama da takarda. Rufe ido ɗaya ka dubi nesa, ka sauya. Ku yi magana tun kafin biya kan ko za a sake yankawa in bai yi ba. In mako biyu suka wuce kai yana ciwo ko ƙasa tana yi maka tudu da kwari, mayar da shi tare da takardar a sake auna PD. Lokacin hunturu kuma ka ɗauraye shi da ruwa kafin ka goge, don ƙurar da ke kansa ita ke karce shi in ka sa bakin riga.