Rahoton bashinka: kyauta ne sau ɗaya a shekara

A ƙasashen UEMOA (ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da kuɗin CFA), har da Nijar, kamfanin Creditinfo ne ke tattara bayanan bashi da izinin BCEAO, babban bankin waɗannan ƙasashe, kuma doka ta ba kowa damar karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara. Aiki ne mai amfani, sai dai 'yan kasuwar Maradi da yawa ba su san da shi ba. Ka tanadi katin ɗan ƙasa, ka tambayi bankinka yadda ake neman rahoton.

In ya zo hannu, fara da suna da ranar haihuwa. Mahaman da Mahamadou kan rikice a takarda, bashin wani ya hau kanka. Sai ka bi basussukan ɗaya bayan ɗaya: wanda ka biya kan fito da saura in mai ba da rancen bai sabunta bayanai ba. Kai ƙorafi a rubuce, haɗe da rasit ɗin biya.