Karatun kimiyya a kwalejin al'umma ta Amurka: me kake saya da kuɗinka?

Duk wanda ya zauna ya lissafa kuɗin jami'a a Amurka, ko don kansa ko don ɗansa, ba a daɗewa wani zai ce masa ya fara da kwalejin al'umma. Shawarar ba ta da laifi, sai dai rabi ce. Waɗannan kwalejoji galibinsu na gwamnati ne, karatunsu na shekara biyu, kuma sun kai wajen dubu a faɗin ƙasar. Mafi daɗewa a cikin na gwamnati ita ce ta Joliet a jihar Illinois, wadda aka buɗe a 1901. Kusan duk mai takardar gama sakandare suna karɓarsa. A ɓangaren kimiyya, da yawansu suna da wani kwas da ya haɗa bayoloji da kemistiri da fiziks da lissafi wuri guda, kuma shi nake so mu auna kafin a biya ko sisi.

Mu fara da kuɗi, tunda shi ke kawo mutane. Alƙaluman College Board, cibiyar da ke tattara farashin makarantun Amurka, na shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025 sun nuna ɗan yankin da kwalejin take yana biyan kusan dala 4,000 a shekara a kwalejin al'umma. Jami'ar gwamnati kuma kusan dala 11,600 ce ga ɗan jiha, sama da 30,000 ga wanda ya zo daga wata jiha, jami'a mai zaman kanta kuwa ta haura 43,000. A Kalifoniya ɗan jiha yana biyan dala 46 kacal kan kowane kiredit, wato ma'aunin nauyin darasi. A Niyok, kwalejojin da ke ƙarƙashin CUNY, wato jami'ar birnin, irin su Bronx Community College da Hostos da ke unguwannin da 'yan Afirka ta Yamma suka yi yawa, dala 4,800 ne a shekara ga mazaunin birnin. Wannan fa kuɗin makaranta ne zalla. Haya da abinci da littattafai da inshorar lafiya suna gefe, kuma yawancin waɗannan kwalejoji ba su da ɗakin kwanan ɗalibai.

Wannan arahar ta mai takardar zama ce. Ɗan ƙasa ko mai girin kad zai cike fom ɗin FAFSA na neman tallafin gwamnatin tarayya, idan samun gidansu bai taka kara ya karya ba ya samu tallafin Pell, wanda ƙololuwarsa dala 7,395 ce a shekara, ka ga ta rufe kuɗin makarantar har da canji. Wanda zai taso daga Kano ko Maradi ko Kumasi da bizar ɗalibi ta F-1 lissafinsa daban. Ba shi da Pell, kuma farashin baƙo zai biya: a CUNY dala 320 kan kowane kiredit, wato kiredit 30 na shekara guda ya kama 9,600. Sai ya nuna wa kwalejin shaidar kuɗin shekara kafin ta ba shi takardar I-20 da ake neman biza da ita, ya biya dala 350 na SEVIS, wato rajistar ɗalibai baƙi, ya ɗauki aƙalla kiredit 12 kowane zango, kuma aikin da doka ta yarje masa na cikin makaranta ne, awa 20 a mako. Ga shi a 2025 gwamnatin Amurka ta tsaurara ba da biza ga ƙasashen Afirka da dama, har da Najeriya da Nijar da Chadi da Sudan. Don haka kada wani dillali ya karɓi kuɗinka kafin ka duba shafin ofishin jakadanci da idonka.

To, me takardar take ba ka? Nan ne mutane suke yin tuntuɓe. Takardar shekara biyu ta kimiyyar gaba ɗaya, wadda a yawancin jihohi ake kira AS, ba a tsara ta don neman aiki ba. Rabin digiri ce: kiredit 60 daga cikin 120. Wanda ya san yadda mai ND yake shiga jami'a ta Direct Entry a Najeriya ya kama hanyar fahimta, sai dai a can idan komai ya tafi daidai aji uku za ka faɗa, ba aji biyu ba. Idan ka tsaya a kanta ba ka ƙarasa ba, da wuya wani ɗakin gwaje-gwaje ya ɗauke ka da ita kaɗai.

Kishiyarta ita ce AAS, takardar sana'a. Mai gwajin jini da fitsari a asibiti, mai ɗaukar hoton ƙashi, mai aiki a masana'antar haɗa magunguna, duk ta nan suke fitowa. Shekara biyu, horo a wurin aiki, a wasu fannonin jarrabawar samun lasisi, sai albashi. Ga magidancin da yake da iyali a Amurka da wasu a gida suna jiran saƙo, ni a ganina wannan ta fi dacewa da shi nesa ba kusa ba, kuma babu abin kunya a ciki. Illarta ita ce yawancin darussanta na sana'a jami'a ba ta lissafa su idan daga baya ya ce digirin kemistiri yake so. Kuma kada haruffan su ruɗe ka. A Florida, AA ce takardar wucewa jami'a, har dokar jiha ta ba mai ita tabbacin gurbi a ɗaya daga jami'o'in gwamnati, AS kuwa a can ta sana'a ce. Sai ka tambaya ƙarara: wannan takarda ta wucewa ce ko ta aiki?

Zaɓi na uku shi ne shiga jami'a kai tsaye. Wanda ya samu cikakken tallafin karatu kada ma ya tsaya dogon tunani, ya tafi. Abin da jami'a ta fi da shi bincike ne: manyan na'urori, da malaman da za su ja ɗan aji biyu cikin aikinsu, su rubuta masa takardar shaida idan zai nemi digiri na gaba. Malamin kwalejin al'umma koyarwa aka ɗauke shi yi, kuma da yawansu na wucin gadi ne, suna zirga-zirga tsakanin makarantu biyu ko uku. Amma a darussan farko kwalejin tana da nata fifikon. Kemistirin aji ɗaya a babbar jami'a ɗalibai ɗaruruwa ne a zaure guda. A kwaleji ba su cika wuce ashirin zuwa talatin ba. Ka leƙa ɗakin gwaji da ƙarfe shida na yamma, za ka tarar da mutumin da ya ajiye motar haya da matar da ta tashi daga aikin kula da tsofaffi, sanye da tabaran kariya, suna ɗiga sinadari ɗigo-ɗigo suna jiran ruwan kwalba ya juya ruwan hoda, malamin yana tsaye a kansu yana kiran kowa da sunansa. Bruce Merrifield, wanda ya ci kyautar Nobel ta kemistiri a 1984, daga kwalejin Pasadena ya fara. Eileen Collins, mace ta farko da ta jagoranci kumbon Amurka a 1999, a kwalejin Corning ta yi lissafi da kimiyya.

Sai dai araha ba ta ado. Binciken cibiyar CCRC ta jami'ar Columbia ya nuna wajen kashi 80 cikin 100 na masu shiga waɗannan kwalejoji digiri suke nufi, amma kusan kashi ɗaya cikin uku ne ke wucewa jami'a, waɗanda suke riƙe da digiri bayan shekara shida kuwa kusan kashi 16 ne. Wani rahoton GAO, hukumar bin diddigin kuɗin gwamnatin Amurka, na 2017 ya gano masu sauya makaranta suna asarar kimanin kashi 43 cikin 100 na kiredit ɗinsu. Kuɗin da aka yi tattali a farko ta nan yake zurarewa, a sake biyan darasin da aka riga aka ci.

Shi ya sa nake cewa daga ƙarshe ake fara wannan ciniki. Ka fara tsayar da jami'ar da digirin da kake so, sannan ka nemi kwalejin da take da rubutacciyar yarjejeniya da ita. Kalifoniya ta fi kowa sauƙaƙa wannan: a shafin ASSIST za ka ga darasi kaza na kwaleji kaza daidai yake da darasi kaza na jami'a kaza, kuma rassa shida na Jami'ar Kalifoniya, wato Davis da Irvine da Merced da Riverside da Santa Barbara da Santa Cruz, suna ba da tabbacin gurbi ga wanda ya cika sharuɗɗa, ko da yake ba a kowane fanni ba. Berkeley da UCLA da San Diego ba sa cikin wannan tsari. A Niyok, wucewa daga kwalejin CUNY zuwa City College ko Hunter ko Lehman ya fi sauƙi saboda gida ɗaya ne, amma ko a nan sashen kimiyya yana da ta cewa kan darussan fanni.

Tarkon da ya fi kama ɗaliban kimiyya shi ne darussa masu suna iri ɗaya. Akwai bayoloji na masu fannin, akwai na wanda yake cike gurbi kawai. Akwai fiziks mai aljebra, akwai mai kalkulas, kuma mai son fiziks ko injiniya na biyun ne kaɗai zai yi masa amfani. Ka ɗauki wanda ba shi ba, jami'a za ta karɓe shi a matsayin ƙari, ta ce ka maimaita. Sannan darussan a sarƙe suke: sai ka yi kemistiri na gaba ɗaya zango biyu kafin ka shiga oganik, shi ma zango biyu. Ka ga shekara biyu ta cika ke nan ba tare da ka faɗi ko sau ɗaya ba. Idan gwajin shiga ya mayar da kai lissafin share fage, wanda a wurare da yawa ba a lissafa shi cikin kiredit 60, shekara biyu ta zama uku, alhali Pell zango 12 ne iyakarsa a rayuwar ɗalibi. Wanda ya daɗe rabonsa da aji, wata biyu na bitar aljebra kafin rajista ya fi masa kowace rangwame. Gwaje-gwaje ta intanet ma a yi hattara da su, jami'o'i da makarantun likitanci da yawa sun fi son wanda aka yi da hannu, mai F-1 kuma darasi ɗaya ne kawai na intanet ake lissafa masa cikin kiredit 12 ɗin.

Ga iyayen da likita suke buri: a Amurka ba a shiga likitanci daga sakandare. Sai an gama digiri, a zauna jarrabawar MCAT, sannan wasu shekara huɗu, kuma kaɗan ne daga makarantun suke ɗaukar baƙo. Farawa daga kwaleji ba ya hana, amma ya kamata ɗalibi ya ƙara manyan darussan kimiyya a jami'a ya nuna ƙarfinsa. Aikin jinya kuwa shirinsa daban, da nasa gasar shiga, kada a ɗauka wannan kwas ne zai kai mutum can. Baƙo ya kuma sani cewa ƙarin wata 24 na izinin aiki bayan kammala karatu da ake ba masu kimiyya sai da cikakken digiri, takardar shekara biyu wata 12 kawai take bayarwa.

Ranar da za ka je wurin mai ba ɗalibai shawara, ka riƙe jerin darussan da sashen jami'ar yake nema, ka sa ya nuna maka kowanne da takwaransa, kuma ka nemi amsar a rubuce daga ita jami'ar, domin ita ke da hukunci. Ka tambayi wace hukuma ce ta tantance kwalejin, sannan ka tambayi sau nawa ake buɗe oganik na biyu da fiziks mai kalkulas a shekara, don a ƙananan kwalejoji sau ɗaya ne, wani lokaci ma a soke idan ɗalibai ba su cika ba. Takardar tsarin kowane darasi da malami ya raba a makon farko, da littafin rahoton gwaje-gwajenka, ka adana su, da su ake ɗaukaka ƙara idan jami'a ta ƙi karɓar kiredit.