Wilder ko Inoue: wa ya fi naushi, wa ya fi gwaninta?

Wani ɗan'uwa ya tambaya: tsakanin 'yan damben boksin Deontay Wilder na Amurka da Naoya Inoue na Japan, wa ya fi ƙarfin naushi, kuma yaya za a ce mutum mai kilo 55 ya fi ɗan damben ajin masu nauyi? Malam, tambayoyi biyu ka ɗaure a igiya ɗaya, kuma amsarsu ba ta tafiya tare. Ƙarfin da ke fita daga hannu daban, abin da mutum ya yi da shi a gaban tsararsa daban.

Mu fara da jiki. Wilder na da tsawon mita 2.01, kuma ranar da ya fara karawa da Tyson Fury a Disambar 2018 ya hau sikeli da kusan kilo 96, Fury kuwa 116. Inoue mita 1.65 ne, ajin da ya haɗa manyan kambun duniya guda huɗu a hannunsa a 2023 iyakarsa kilo 55.3. Tazarar sama da kilo 40 ke nan tsakaninsa da Wilder. In zallar nauyin duka ake nufi, wato a ɗaure buhu ɗaya kowa ya zo ya nausa, babu gardama, Wilder ne. Naushi daga ƙasa yake tasowa: ƙafar baya ta taka, ƙugu ya juya, kafaɗa ta biyo, hannu shi ne na ƙarshe. Mai kilo 96 da dogon hannu yana tura nauyin da mai kilo 55 ba shi da shi ko da ya kai kowa iya juya ƙugu. Dalilin raba damben boksin zuwa aji 17 ke nan, daga kilo 47.6 har zuwa abin da ya haura 90.7. Ko safar hannu ba ɗaya ba ce: a yawancin wasannin kambu, daga kilo 66.7 zuwa ƙasa ana sa mai nauyin giram 227, daga nan zuwa sama mai giram 283.

To amma wasu sai su ce a raba ƙarfin da nauyin jiki, a ga wanda kowane kilo nasa ya fi bayarwa. Wannan lissafin yana zaluntar manya. Ƙarfin tsoka yana bin kaurinta ne, ba ya ƙaruwa daidai da nauyin jiki. A duba masu ɗaga ƙarfe: Naim Suleymanoglu na Turkiyya, mai kilo 60, ya ɗaga kilo 190 a gasar Olamfik ta 1988, fiye da ninki uku na jikinsa. Lasha Talakhadze na Jojiya ya ɗaga 267, amma bai kai ko ninki biyu na nasa jikin ba. Da wannan ma'auni ƙaramin mutum ne zai yi nasara kullum, ko a wane wasa, don haka bai gaya mana komai game da Inoue ba.

Sai kuma yawan bugun kwaf ɗaya, wanda shi ne hujjar da aka fi jefowa. Kafin karo na biyu da Fury, Wilder ya ci wasa 42, a 41 ya gama da abokin karawarsa kafin lokaci. Adadi ne mai ban tsoro, sai dai akwai abu biyu a ƙarƙashinsa. Na farko, a ajin masu nauyi faɗuwa ta fi sauƙi. Abin da ke sumar da mutum shi ne kai ya juya da sauri har ƙwaƙwalwa ta girgiza a cikin ƙoƙon kai, kuma kan mai kilo 110 bai ninka na mai kilo 55 ba, alhali dukan da ke sauka a kansa ya ƙaru ƙwarai. Na biyu, wa aka buge? Wasanni 32 na farkon Wilder dukansu da kisa ya ƙare su, wato gamawa da abokin karawa kafin lokaci, amma akasarin waɗanda ya buge ba su taɓa kusantar kambun duniya ba. Da ya haɗu da Bermane Stiverne a Janairun 2015 don kambun WBC, ɗaya daga cikin manyan hukumomin damben duniya huɗu, sai da aka yi turmi 12 aka je ga maki.

Wannan ba ya rage wa hannun damansa komai. Wanda ke shakka ya sake kallon karo na biyu da Luis Ortiz a Nuwambar 2019: duka alƙalan uku suna ba Ortiz rinjaye, turmi shida Wilder bai yi wani abin kirki ba, a na bakwai ya saki dama ɗaya miƙaƙƙiya wasan ya ƙare. Ya kai Fury ƙasa sau biyu a 2018, a turmi na 9 da na 12, ya sake kai shi sau biyu a turmi na 4 a 2021, duk da Fury ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba. Yadda yake yi ba ɓoyayye ba ne: ya miƙa hagu ya rufe maka ido ya auna tazara, ya tako da dogon taku, dama ta biyo ta kan hanyar da hagun ta buɗe. Matsalar ita ce makami ɗaya ne, kuma yana buƙatar fili. Fury a Fabrairun 2020 ya gano maganin, ya matsa masa, ya jingina masa nauyi, ya sa shi tafiya da baya, kuma Wilder ba ya iya sakin damar nan yana ja da baya. Joseph Parker a Disambar 2023 ya hana shi daidaita ƙafa har turmi 12 suka cika.

Inoue kuwa, a wasansa na shida kacal ya ɗauki kambun duniya, a 2014, a kilo 49. Kafin shekarar ta ƙare ya tsallake aji guda ya hau kilo 52.2, ya gama da Omar Narvaez na Ajantina a turmi na biyu, mutumin da ya shafe shekaru sama da goma yana riƙe da kambu ba wanda ya taɓa tsayar da shi. Dukan ciki ne ya ƙarasa shi. A kilo 53.5 ya kwantar da Juan Carlos Payano cikin daƙiƙa 70 a 2018, ya gama da Emmanuel Rodriguez a turmi na biyu a 2019, ya haɗa kambu huɗu a Disambar 2022. Ya ƙara hawa, ya tsayar da Stephen Fulton a turmi na 8 a Yulin 2023, ya buge Marlon Tapales a na 10 a Disamba, kambu huɗu suka sake haɗuwa a hannunsa cikin wasa biyu. Abin lura a nan shi ne galibin waɗannan zakaru ne ko tsofaffin zakaru, kuma kowace hawa mutanen ƙara girma suke yi.

Nasa naushin ba iri ɗaya ba ne da na Wilder. Yana kisa da hagu, yana kisa da dama, sama da ƙasa. Yana dukan ciki da hagu miƙaƙƙe har gwiwar hannun abokin karawa ta sauko, sannan ya hau kai. In aka ɗaga hannu a kare kai, sai ya lanƙwasa hagu zuwa hanta, ƙarƙashin haƙarƙarin dama, inda mutum zai durƙusa da hankalinsa amma ƙafa ta ƙi tashi. Kuma an gwada zuciyarsa. A karon farko da Nonito Donaire a Nuwambar 2019, ƙashin kwarmin idonsa ya tsage tun a turmi na biyu, yana ganin mutum biyu, ya kai turmi 12 ya ci da maki. Luis Nery ya kai shi ƙasa a turmin farko a Mayun 2024, ya tashi ya gama da shi a na shida. Wannan faɗuwar, da wadda Ramon Cardenas ya yi masa a 2025, sun nuna rauninsa: in ya shiga kusa yana neman kisa, yakan bar haɓarsa a buɗe ga hagu mai lanƙwasa.

Ma'aunin da na fi yarda da shi wajen naushi shi ne ko ƙarfin yana bin mutum in ya hau aji. Tarihi cike yake da waɗanda nasu ya tsaya a hanya. Bob Foster a kilo 79.4 ba a tsaya masa. Shi ne ya sumar da Dick Tiger na Najeriya a turmi na huɗu a 1968 ya karɓe kambunsa. Da ya shiga cikin masu nauyi, Joe Frazier ya gama da shi a turmi na biyu a 1970, Muhammad Ali a na takwas a 1972. Manny Pacquiao ya ci kambu a aji takwas, ya sumar da Ricky Hatton a 2009, amma bayan ya tsayar da Miguel Cotto a ƙarshen wannan shekara, bai sake gama wani kafin lokaci ba sai 2018. Hannun bai canza ba, jikin da yake duka ne ya ƙaru. Thomas Hearns na cikin 'yan ƙalilan da nasu ya biyo su daga kilo 66.7 zuwa sama. Inoue ya hau daga 49 zuwa 55.3 yana kisa a kowane mataki. Wilder ba shi da ajin da zai hau, amma a yi masa adalci: kusan duk rayuwarsa waɗanda suka fi shi nauyi yake bugewa, wani lokaci da kilo 15 ko 20.

Batun gwaninta kuwa ba shi da wuya. Ana duba waɗanda ka ci, a wane lokaci na ƙarfinsu, kambu nawa ka haɗa, da abin da kake yi in dabararka ta farko ta ƙi. Wilder ya kare kambun WBC sau 10, ba ƙaramin abu ba ne, amma bai taɓa haɗa kambu biyu ba, bai kara da Anthony Joshua ba lokacin da duniya ke jira, kuma mutumin da ya fi kowa a cikin waɗanda ya fuskanta ya doke shi sau biyu. Inoue ya share aji biyu kaf. In ana neman mai nauyin da za a jera da shi, Oleksandr Usyk ne, wanda ya haɗa kambu huɗu a kilo 90.7 a 2018, ya hau ya ci Joshua sau biyu da Fury sau biyu, duk da ba a san shi da naushin kisa ba.

Don haka, Malam: duka ɗaya mafi nauyi, Wilder. Naushin da ya fi aiki a kan zakarun ajinsa, da gwaninta baki ɗaya, Inoue, kuma da tazara. Aji na gaba da ke gabansa shi ne kilo 57.2. Ana awo ne kwana ɗaya kafin wasa, kuma dogayen 'yan wannan aji sukan mayar da kilo da dama cikin dare, su shigo fili sun fi shi tsawo da nauyi. In ya hau can, a duba dukan cikinsa tukuna: in har yana sa su sauke gwiwar hannu a turmi uku na farko, ƙarfin ya biyo shi.